Askin Sunan da Ban Yi Ba

Jikana Nafi'u yana da shagon aski a bakin kasuwar Karaye, da madubi mai tsawon ƙofa, da kujera mai juyawa, da injin aski iri-iri. In zafi ya dame ni nakan je in zauna a bencinsu in sha iskar fanka, shi da abokansa kuma su yi ta tsokanata. Rannan wani abokinsa ya dube ni ya ce, "Baba Garba, ai wanzancinku na da ba wani aiki ba ne. A jiƙa kai, a kankare, a karɓi hatsi." Shago ya ɗauki dariya. Ni ma na dara, don yaron bai yi ƙarya duka ba. Amma tunda kun tsokano ni, samari, sai ku yi haƙuri ku ji.

Kan farko da na aske a duniya ba na mutum ba ne, duma ne. Baffa Sale, ƙanin mahaifina, shi ya koya mini sana'a a Kwanyawa bayan rasuwar babanmu. Yakan tsinko ɗanyen duma daga kan danga, irin mai gashi-gashin nan, ya ɗora mini a cinya, ya miƙo aska. In na gama sai ya ɗaga duman a rana yana juyawa. Duk inda ya ga ruwa ya tsattsafo, sai ya girgiza kai ya ce, "Innalillahi, ka yanki Liman. Ba shi haƙuri." Kuma da gaske yake. Sai na durƙusa na ba duma haƙuri, matan gida suna ƙyaƙyata dariya a bayan zana. Na yanki Liman, na yanki Dagaci, mai unguwa kuwa ban san adadi ba, kafin Baffa ya yarda in taɓa kan ɗan Adam.

Zabirar Baffa, wato jakar fatar da wanzami ke ratayawa, ba ta da girma, amma komai da mazauninsa a ciki. Askar manya daban, ƙaramar askar jarirai daban a naɗe cikin farin ƙyalle. Ga ƙaho, ga fatar wasa aska, ga dunƙulen sabulun salo, ga 'yar ƙwaryar ruwa. Akwai kuma kayan cire beli, ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro, wanda a lokacin kowa ya yarda shi ke kawo tari da ƙin cin abinci. Doka ɗaya ce Baffa bai taɓa yi mini wasa da ita ba: askar wanzami ba ta shiga hannun wanda ba wanzami ba. Ko ɗan'uwanka ne ya ce ara mini in gyara gemu, ka ce masa ya zauna ka gyara masa. "Aska mutuncinka ce," in ji shi. "Ranar da ka ba da aronta, ka fita daga sana'a."

Wata safiya a Unguwar Hajji Baffa ya bar ni na aske wani dattijo manomi ni kaɗai. Kai ya fito tas, ina ta jiran yabo. Da muka kama hanya sai ya ce, "Me ka ji?" Na ce, "Ban ji komai ba, Baffa." Ya ce, "To ba ka yi aski ba. Ƙirjin bawan Allahn nan yana fito kamar butar mai shayi, hancinka yana goshinsa, amma ba ka ji ba?" Muka juya, ya gaya wa 'ya'yan dattijon su kai tsohonsu asibiti. A nan na gane abin da ku har yanzu ba ku gane ba, don ƙarar inji ta toshe muku kunne. Duk gari babu mai kusantar numfashin mutane kamar wanzami. Gwiwa da gwiwa muke zama da mutum a tabarma, kansa a tafin hannunmu. Ka san wanda ya ci albasa, ka san wanda bai ci komai ba, ka san wanda jikinsa ya ɗau zafi tun shi bai sani ba.

Cikin gidajen da muka gada akwai gidan Buba, Bafulatani, a rugarsu ta bayan Tudun Kaya. Kakanmu ne ya aske kakansa, haka abin ya gangaro. Ni da Buba sa'anni ne. Tun muna yara ba ya kiran sunana sai Kaɗo, ni kuma in ce masa Bawan Nagge, wato bawan saniya. Da damina yana noman gero da gyaɗa, da rani ya yi kudu da shanu. Matarsa Hajjo ta haihu sau uku, duk a can wajen kiwo, duk wanzaman hanya ne suka yi askin suna, kuma cikin yaran babu wanda ya kai yaye. Ba wanda ya fito ya ce laifin aska ne. Amma mahaifiyar Buba, da muke kira Inna, ta ƙulla a ranta cewa yaran ba su zauna ba ne don ba askar gidanmu ce ta taɓa su ba. Da Hajjo ta sake samun ciki, Inna ta hana a tafi da ita ko'ina. Buba ya ba ƙannensa shanu, ya zauna gida. Duk ranar da na leƙa rugar, Inna sai ta ce, "Wanzam, ka wasa askarka, kuma kada ka yi nisa."

Shekarar da nake ba ku labari ta zo ne 'yan shekaru bayan babban farin da ya karkashe shanu, tun ba a tare ruwa a Challawa ba. Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa, 'yan ci-rani suna ta dawowa sharar gona, kowa da rakodarsa a kafaɗa da kai cike da suma. Lokacin cinikinmu ke nan. Sai aka aiko wa Baffa cewa wani saurayi da ya dawo daga kudu yana kwance da tari, a zo a cire masa beli. Muka je. Baffa ya sa ya buɗe baki, ya leƙa, ya sake leƙawa, sai ya mayar da kayansa cikin zabira. Ya ce, "Belin yaron nan lafiyarsa ƙalau." Mutanen gidan ba su ji daɗi ba, suka kira wani wanzamin ya cire. Tarin bai tafi ba. Ba a daɗe ba uwar yaron ta kwanta, sai ƙanwarsa, sai maƙwabtan da suka shiga dubiya.

Muna zaune a ƙofar gida Baffa yana wasa aska, sai ya ce, "Garba, beli ai kowa da nasa a wuyansa. Ta yaya belin ɗa zai sa uwarsa tari?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Amma wannan abin tafiya yake yi, kuma da ƙafar mutane yake yi."

Mun san mura, mun san tarin yara, mun san ƙyanda. Wannan ba mu san ta ba, shi ya sa mutane suka sa mata suna baƙuwa. Farat ɗaya take kama mutum. Da safe yana sassabe, da azahar jiki ya yi zafi rau, gaɓoɓi su yi ta ciwo, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, sai busasshen tari ya biyo baya. Ƙato takan kayar da shi ya sha jinya ya tashi. Tsofaffi da jarirai ne take gangara musu ƙirji, su kuma da yawa ba su tashi ba. Abin da ya ƙara mata gudu kuwa halinmu ne na kirki. Mutum ya kwanta, unguwa duka ta cika ɗakinsa dubiya. A toshe taga da tsumma don kada sanyi ya shiga, a kawo kaskon wuta, a yi ta zagayawa da moɗa ɗaya ana shan ruwa. Sauran kunun mara lafiya a miƙa wa yara, don ba a zubar da abinci. Ga kuma 'yan'uwanmu wanzamai, tari ya yi yawa kira ya yi yawa, suna fita wannan gida suna shiga wancan, suna cusa fuska a bakin masu tari.

Baffa da ƙafarsa ya je wurin malamin asibitin sha-ka-tafi, na raka shi. Mutumin ya rame don aiki, amma ya ba mu benci ya saurare mu. Ya ce ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana fita cikin tari da atishawa, tana maƙalewa a hannu da bakin moɗa. Ya ce ba shi da allurar da za ta kashe ta. Mai ita ya kwanta shi kaɗai inda iska ke shiga, ya sha ruwa da yawa, a ba shi maganin zazzaɓi, mutum ɗaya ya yi jinyarsa. Amma in an ga numfashi ya koma sama-sama, ko haƙarƙari yana lotsawa ciki, ko leɓe ya yi duhu, ko jariri ya ƙi kama nono, kada a jira gobe, a nemi mota. Sannan ya ce, "Baba, ku kuna shiga inda ba na shiga, kuma ana jin maganarku. Ku taimake ni."

Ranar Baffa ya yayyaga tsohon rawaninsa, ya ba ni rabi. Muka riƙa ɗaure hanci da baki in za mu yi aiki, yara suna bin mu suna cewa ga Buzaye sun zo. Muka daina aski a zaure, sai gindin bishiya. Kowace aska sai ta shiga tafasasshen ruwa, kowane kai muka gama sai mun wanke hannu da sabulu. Wanda na taɓa goshinsa na ji zafi, in ce masa ya je ya kwanta, suma ba ta kisa. Kayan beli kuwa Baffa ya naɗe su ya cusa a rufin ɗaki, kuma har yau ban sauko da su ba. Muna aski muna wa'azi, wasu su ji, wasu su ce tsufa ne ya kama Sale.

Sai dai Baffa ya riga ya leƙa bakuna da yawa kafin rawanin. Ranar da ya ji baƙuwar a jikinsa ya kwashi tabarmarsa ya koma rumfar bayan gida, ya sa aka kewaye da zana, ya ce duk wanda ya zo dubiya ya yi daga waje, Allah yana ji. Ni nake ajiye masa kunu a bakin zanar. Nakan zauna a waje mu yi hira, ba na ganinsa, sai dai ina jin numfashinsa, kuma shi ya koya mini ji. Da na ji ya sauya, na ce, "Baffa, ƙirjinka yana fito." Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe ka iya aski." Na samo a-kori-kura, na rungume shi a bayan motar har asibiti. A hanya ya ce, "Ƙaramar askar nan, ita ta aske Buba. Kada ka bar wa wani kan ɗansa." An yi iya ƙoƙari a asibitin, amma kwana ya ƙare. Allah ya jiƙan Baffa. Ban taɓa rashi irin nasa ba.

Muna cikin zaman makoki labari ya zo cewa Hajjo ta sauka, namiji. Na yi murna har na ji kunyar murnar. Na ciro ƙaramar askar na wasa ta.

Ana gobe suna na tashi da ƙaiƙayi a maƙogwaro. Na ce ƙila kukan da na sha ne. Kafin hantsi gwiwoyina suka fara ciwo, na taɓa goshina da bayan hannu kamar yadda nake taɓa na mutane, na ji abin da nake ji a nasu. Ina zaune a ƙofar gida na hango Buba tafe, da sandarsa a kafaɗa da ƙwaryar nono a hannu, bakinsa har kunne. Na ja rawani na rufe fuska.

"Tsaya nan, Buba. Kada ka ƙaraso."

"Kaɗo, yau kuma wace sabuwar tsiya ce?" Ya ci gaba da tahowa yana miƙo hannu.

Na mayar da nawa baya. "Na ce ka tsaya. Baƙuwar ce, ta kama ni."

Ya tsaya. Murmushin ya tafi. Ya yi mini sannu, ya sake yi mini gaisuwar Baffa. Can ya ce, "Amma gobe za ka daure ka zo."

"Ba zan taɓa yaron nan ba. In na sunkuya a kansa, numfashina zai shaƙa. A ɗaga askin har in warke."

"Ka san Inna. Ta ce gashin haihuwa ba ya wuce ranar suna. In ba ka zo ba, akwai wani wanzami a Rogo, shi za ta aika wa. Matan ma suna cewa gara a haɗa da beli tun da wuri, tunda tari ya yi yawa a gari."

Na san mutumin. Ba mugu ba ne, amma babu gidan masu tari da bai shiga ba a ƙasar nan, kuma dariya yake yi wa rawaninmu.

Buba ya ce, "Uku na binne, Garba." Tunda muke bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Wannan na zauna dominsa, na bar shanuna. Kai kaɗai muka jira."

Ga maganar Baffa a mota, ga dokar Baffa ta aska, ga jariri. In na je na aske shi, zan iya kai masa ajali da hannuna. In na zauna, wani zai kai masa. Na dubi zabirar a gefena. Daga ƙarshe na ce, "Gobe ka hura wuta a wajen shingen ruga, ka ɗora tukunyar ruwa. Ka yanke farce, ka wanke hannu har gwiwar hannu. Kuma ka ce da Inna askar gidanmu tana zuwa."

Washegari keke ya gagare ni, sai jakin maƙwabcina na hau. Da na isa an riga an raɗa suna, an yanka rago, mutane suna zaune a inuwa. Na sauka nesa, gindin wata ɗorawa a wajen shinge. Na tsinki busasshiyar ciyawa na saki don in ga inda iska take, na koma inda za ta taso daga wurinsu ta wuce ta kaina. Na ce kowa ya matsa daga wurin tukunya, na je na jefa ƙaramar askar da farin ƙyallenta a ruwan da ke tafasa, na koma gindin bishiyata. Tsakanina da su ya kai tsawon igiyar ɗaure maruƙa.

Inna ta fito da jaririn a zani, ta tsaya tana kallona. Na gaishe ta daga nesa, ta amsa a gajarce.

"Wanzam, me nake gani? Matso mana."

"Inna, ba ni da lafiya. Abin da ya ɗauki Baffa ne. In na matso, shi zan shafa wa."

"Alkawari kuka yi mini, kai da Sale. Askar gidanku na ce."

"Ga ta can a tukunya, Inna. Ita ce ta aske Buba, kin san ta. Askar ta gidanmu ce, hannun ne kawai zai zama na gidanku."

Ta leƙa tukunyar, ta ga ƙotar askar, ta gane ta. Can ta ce, "A zamanin uwata mata ne suke aske jarirai a rugar da aka haife ni, ba mu san wanzami ba. Amma ni idona ya tafi, hannuna yana rawa." Sai ta juya ta dubi ɗanta.

Buba ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. Ku da kuke ɗaukar 'ya'yanku a kafaɗa kuna yawo kasuwa ba za ku gane ba. Bafulatani na lokacin ba ya ɗaukar ɗansa a gaban mutane, ko kallonsa ba ya yi sai a sace, balle a gaban mahaifiyarsa da surukansa. Ya tako ya zo iyakar inda na yarda, ya ba jama'a baya, ya yi ƙasa da murya.

"Kaɗo, ba zan iya ba."

"Kai da kake cire ƙaya a idon maraƙi? Hannunka ya fi nawa nutsuwa."

"Ba wannan ba ne." Ya ƙara rage murya. "Ban taɓa taɓa ɗana yana numfashi ba. Duk ukun, a likkafani aka miƙo mini su."

Rawanin da ke fuskata ya yi mini rana, don ba wanda ya ga abin da idona ya yi. Na ce, "To yau ka taɓa mai numfashi. Je ka wanke hannu."

Inna ta zauna a tabarma a fili, ta kwantar da yaron a cinya. Kuma tunda ta yarda, sai ta fi ni zafi. Matan da suka taso za su karɓi jariri hannu-hannu kamar yadda aka saba, ta kora su da Fulatanci, ta ce kowa ya yi barka daga inda yake. Hajjo tana leƙe daga ƙofar bukka. Buba ya tsamo askar da tsinke, ya bari ta huce, ya durƙusa a gaban uwarsa.

Aski da baki ya fi aski da hannu wuya, wannan ku rubuta ku ajiye. Na ce ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya murza sabulu kaɗan, kada ya gangara ido. Na ce ya kwantar da askar, kada ya tsayar da ita, ya ja fatar da babban yatsa, ya fara daga gefe ya bi yadda gashin ya kwanta. Ya yi jan farko, gashi ya taho a bakin aska, laushi kamar auduga. Ya ɗago ya dube ni. Na ce ci gaba. Kowane ja sai na ji shi a yatsuna, har hannuna yana motsi a iska shi kaɗai.

Da ya kai tsakiyar kai na ce, "Yanzu ka zo maɗiga, inda ƙashi bai haɗe ba. Kada ka danna ko kaɗan. Bar askar ta tafi da nauyinta."

Ya ɗora yatsa a wurin, sai ya tsaya cak. "Kaɗo, motsi yake yi!"

"Rai ne, Bawan Nagge. Haka yake yi."

Ya daɗe yatsansa yana wurin. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri.

Saura bayan kunnen hagu tari ya taso mini. Na juya baya, na danne, ya ƙi dannuwa, ya fito da ƙarfi. Yaron ya zabura, askar ta ɗan taɓa shi. Ya tsala kuka. Jini ɗigo ɗaya ne, Inna ta danne da farin ƙyallen da aka tafasa, amma Buba ya saki aska.

"Na yanke shi! Garba, na yanke shi!"

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Na ce, "Innalillahi, ka yanki Liman. Ba shi haƙuri."

Shi bai san wasan ba, sai ya ɗauka dokar sana'a ce. Ya sunkuya a gaban uwarsa da surukansa da duk jama'ar suna, ya kai bakinsa kunnen ɗansa, yana ba shi haƙuri da Fulatanci, a hankali, yana shafa kan da tafin hannu. Yaron ya yi shiru. Matan suka fara dariya, dariyar ta koma wani abu, na ga Inna tana share ido da gefen mayafi. Buba ya ɗauki askar ya ƙarasa.

Inna ta ɗago ta ce, "Belin fa, Wanzam?" Na ce, "Inna, Baffa da kansa ya daina kafin ya rasu. Ku bar masa abinsa yadda Allah ya halicce shi." Na gaya musu alamun da malamin asibiti ya gaya mana, na ce ko ɗaya suka gani su nemi mota. Na ce mai tari kada ya shiga bukkar mai jego, ko wane ne. Sannan na tambayi sunan yaro. Buba ba zai faɗa da bakinsa ba, Inna ce ta ce, "Salihu. Sunan Sale ne." Jakin ne ya kai ni gida, ni dai ban san hanya ba.

Na sha jinya a rumfar Baffa, Allah ya tashe ni. Da ruwa ya zauna sosai baƙuwar ta yi sauƙi, ta tafi kamar yadda ta zo, ta bar gidaje da yawa da zaman makoki. Rugar Buba ba ta shiga ba. Labarin askar kuwa ya riga ni isa kasuwa. Wanzamai suka ce Garba ya ba Bafulatani aska, ya zubar da mutuncin gidansu. An daɗe wasu ba sa zama tabarma ɗaya da ni. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa jin da-na-sani ba. Buba kuma bai dawo mini da askar ba, ni ma ban tambaya ba. Shi ya ci gaba da aske ɗansa da kansa, a bayan bukka inda ba mai gani, har yaron ya girma. Nakan ce masa, "Bawan Nagge, ka ƙwace mini ciniki." Shi kuma ya ce, "Kai ka koya mini, Kaɗo." Kan yaron nan ne kaɗai a duk gidajen da muka gada wanda ban taɓa ɗora wa hannu ba.

Shi ya sa shekarar da aka ce kowa ya sa takunkumi a fuska, kuna ta gunaguni wai zafi, na zo shagon nan na yi muku faɗa. Sana'arku a bakin numfashin mutane take. In ka tashi da zazzaɓi da tari, rufe shago ka kwanta. In mai tari ya zauna a kujerarka, ka lallashe shi ya dawo wani lokaci. Ka buɗe taga, ka wanke hannu, ka kashe injin nan wani lokacin ka saurari mutumin da ke gabanka.

Buba ya rasu 'yan shekarun baya, Allah ya yi masa rahama. Bara da kaka ina zaune a ƙofar gida sai ga Salihu ɗansa, mai sunan Baffa, ya zama magidanci, dogo kamar ubansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce matarsa ta sauka, gobe suna, ni suke so. Ya zaro farin ƙyalle daga aljihu ya warware. Ƙaramar askar ce, an wasa ta har ta sirance.

Na ce, "Hannuna ya tsufa, ɗana, amma zan zo."

Ya ce, "Kafin goben, Baba, babanmu ya bar mini saƙo. Ya ce akwai askin da ba ka yi ba."

Ya cire hula ya ajiye, ya matso tabarma, gwiwarsa ta taɓa tawa. Na ce, "Ai wannan askar jarirai ce." Ya ce, "Ita ce tawa."

Na sa aka tafasa ruwa. Na jiƙa kan, na murza sabulu, na riƙe shi a tafin hannuna. A bayan kunnen hagu yatsana ya sami ɗan tabo, bai fi ƙwayar gero ba. Na bar yatsan a wurin, na kasa kunne yadda Baffa ya koya mini. Numfashinsa yana shiga yana fita, lafiya lau. Sannan na ɗora aska.